Kafin Ka Ja Katangar Nan, Babana

Assalamu alaikum, Babana.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kun isa Kuje lafiya, kai da matarka Safiya, Ya sa kun shiga a sa'a, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na mutum da na abin da ido ba ya gani. Abbanku yana gaishe ku.

Na san za ka yi dariya ka ce Umma da waya a hannunta ta zauna rubuta wasiƙa. To ai na gwada bakin. Ranar Laraba na kira ka ɗaki mu yi magana, ka zauna a bakin gado da waya biyu, wannan ta yi ƙara ka ɗauka, waccan ta yi ƙara ka ce mini minti ɗaya, har na haƙura na ce je ka ƙarasa haɗa kaya. A takarda ba mai katse ni. Na sa ta cikin jakar kayan miyar da na haɗa wa Safiya, don na san nan za a fara buɗewa.

Maganar guda ɗaya ce. Ranar da ka kai ni ganin filin da za ka gina masaukin baƙinka, ka shimfiɗa mini zanen a kan mota kana nuna mini ɗakuna da katanga miƙe sambal, kusurwa huɗu. Ni kuwa ƙasa nake kallo. Na ga wata 'yar hanyar ƙafa ta ratso filin daga gabas, ta bi ta gindin kaɗanyar nan, ta gangara rafi. Ko ciyawa ba ta fito a kanta ba, alamar kullum ana bin ta. Da na nuna maka ka ce, "Umma, ai ba ta cikin takarda." Muryata na ji a bakinka. Ka kuma ce ran Litinin magina za su fara haƙa harsashin katanga. Abin da nake roƙonka shi ne ka dakatar da su tukuna, ka karanta wannan har ƙarshe.

Kai ka saba ganin masaukinmu na Kubwa da inuwa, da famfo a waje, da mata suna wucewa ta bayan ɗakuna suna gaishe ni, ka ɗauka haka aka gina shi. Baƙi ma haka suke ɗauka, har wasu su ce Hajiya ta san haƙƙin maƙwabta. Ina jin su in yi murmushi kawai. Lokacin da aka yi abin kana makarantar kwana, ni kuma ban taɓa ba ka labarin ba, saboda ba irin labarin da ke ƙara wa uwa kwarjini ba ne.

Shekarun nan da soja suka koma bariki, Abuja ta cika ta batse. Kullum taro, kullum masu neman aiki da masu bin fayil da 'yan kwangila, ga otal-otal ɗin Maitama ba na kowa ba ne. A ofis sai in ga mutum ya taso tun daga Gashuwa ko Yawuri, a ce masa oga ya fita sai gobe, ya tsaya a baranda yana tunanin inda zai kwana. Daga nan tunanin masauki ya zo mini. Na samu fili a ƙarshen Kubwa, daidai inda gidajen ma'aikata suka ƙare, ƙauyen Gbagyi ya fara. Mu a gida Gwarawa muke ce musu, amma su Gbagyi suke kiran kansu, kai ma haka za ka kira su. Takardata ta cika, da hatimi da sa hannu. Ni kuwa na daɗe a ma'aikata, a wurina duk abin da ba ya cikin fayil bai faru ba.

Akwai ɗorawa uku a filin, manya, irin waɗanda mutum biyu ba sa rungumewa. Injiniya ya ce suna kan wurin ajiye motoci, na ce a sare. Ranar da masu zarto suka zo, wata dattijuwa ta fito daga ƙauyen ta tsaya a gefe tana kallo, gajera, da zani ɗaure a ƙirji. Ita ce Mama Ladi, gidanta ne na farko a bayan filinmu. Da na sauko daga mota ta matso ta gaishe ni da irin Hausarta, ta ce, "Hajiya, wannan itace shi ne yana ba mu kalwa. Uwar mijina ya yi daddawa da shi, ni ma na yi. Ka bar mana guda ɗaya."

Na ce mata, cikin ladabi kuwa, don ba zagi na yi ba, "Mama, ki yi haƙuri, gwamnati ta riga ta ba da wurin." Na buɗe jaka na miƙa mata abin goro, ba ta karɓa ba. Kafin la'asar duk ukun suna ƙasa.

Aka malale tsakar gidan da siminti tas, na tsaya ina jin daɗi, wai wuri ya yi tsabta. Da bazara ta zo ɗakunan suka koma tanda. Baƙo ya shiga ya fito yana fifita da jarida, dole janareto ya wuni yana ruri don esi ta sanyaya ɗakunan, hayaƙinsa kuma ta bayan katanga yake fita, kai tsaye tsakar gidan Mama Ladi inda take shanya. Sanyin da Allah Ya ba ni kyauta na sare, na dawo ina nemansa da man dizal. Don haka kaɗanyar nan taka, kada ka bari kowa ya taɓa ta sai ka je ka zauna a gindinta da ƙarfe biyu na rana, sannan ka taka zuwa inda rana take ka tsaya minti biyar. Kuma ka tambaya wa ke tsintar 'ya'yanta. Za ka tarar akwai mai tsinta, kuma ta riga ka zuwa wurin da shekaru.

Sai katanga. Na ja ta doguwa, da waya mai ƙaya a sama, kamar yadda kowa ke yi. Ashe ta yanke hanyar da matan ƙauyen ke bi zuwa gona da kasuwa. Suka koma zagaye ta babban titi da doya da itace, suna raɓe-raɓe da bas-bas ɗin da ke kwasar ma'aikata da safe. Ina wuce su a mota kullum, ban taɓa haɗa zagayen nasu da katangata ba. Ruwan wankin zannuwan gado kuwa, da na wanke-wanke, bututu ɗaya na sa aka fitar ta baya. Ni a wurina in ruwa ya bar gidana ya tafi ke nan. Sai daga baya na san cikin lambun Mama Ladi yake kwanciya, da sabulu da maiƙo, har kuɓewarta ta ƙone. Babana, duk ranar da aka yi babban wanki a masaukinka, ka sa takalmi ka zagaya baya, ka bi ruwan da ƙafarka har inda ya tsaya. Kada ka aiki kowa, don wanda ka aika zai dawo ya ce maka ba komai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ruwan sha. Na sa aka haƙa burtsatse mai zurfi, muna cika tanki safe da yamma, baƙo ya saki shawa ya tsaya yana waya. A rani na uku rijiyar ƙauyen ta ƙafe, abin da tsofaffinsu suka ce ba su taɓa gani ba. Ban ce ni kaɗai na shanye ta ba, don gine-gine sun yi yawa a lokacin, kowa da burtsatsensa. Amma tawa ce mafi kusa. Wata safiya na ga Mama Ladi da surukarta Talatu suna haurowa daga wani kududdufi da ruwa ja kamar kunun kanwa, a bayana kuma ana wanke motar baƙo da tiyo. Ranar ban iya cin abinci a ofis ba.

To ka ga nan zuciyata ta motsa, kuma nan ne na tafka kuskuren da ya fi sauran. Na yanke shawarar zan gyara komai, ni kaɗai, a cikin mako biyu. Na kira mai aikin famfo na ce ya fitar da ruwa waje. Na kwatanta masa irin famfon da na sani a unguwarmu a Kano, bututu dogo da ya lanƙwaso sama da tsayin mutum, mace ta tsaya a ƙarƙashi da bokiti a ka bisa gammo, ta miƙa hannu ta murɗa, ya cika ta wuce, ba sai ta nemi mai ɗora mata ba. Na ce wannan ai sauƙi ne na kawo musu. Na kuma sa aka fasa katanga gaba da baya, aka kafa 'yan ƙofofin ƙarfe guda biyu, daidai wucewar mutum ɗaya, don su riƙa ratsawa kamar da. Na aika wa mai unguwa cewa an buɗe. Har sabon leshi na sa ranar.

Wata guda ya wuce. Famfo sai yara masu wasa da awaki masu lasar ƙasa. Ƙofofi kuwa sai mai tafiya hannu rabbana. Matan suna nan suna zagaye ta titi, suna nan suna zuwa kududdufi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na riƙa cewa mutanen nan ba su da godiya, riƙo ne kawai suke yi da ni saboda bishiya. Abbanku yana shan shayi ya ɗago ya ce, "Hajiya, kin kuwa tambaye su?" Na ce, "Tambayar me? Ruwa ne fa, kyauta." Ya ce to, ya mai da kansa kan jarida. Ka san shi da wannan to ɗin.

Ran Asabar da hantsi na taka zuwa gidan Mama Ladi, karo na farko a shekara huɗu da muke maƙwabtaka. Ba sulhu ya kai ni ba, ƙorafi na je yi. Ta ba ni kujera 'yar tsugunno, muka gaisa, na ce, "Mama, an ce ba ruwa, na kawo ruwa. An ce ba hanya, na buɗe ƙofa. Me kuma kuke so in yi?"

Ta tashi ta ɗauki daro ta ce, "Zo mu je, Hajiya."

Muka isa famfon. Ta ɗora daron a kafaɗa, ya zauna tsakanin kafaɗar da bayan wuyanta, ta ɗan sunkuya, ta tallafe shi da hannu, ta shiga ƙarƙashin bututun ta ce in buɗe. Na murɗa. Ruwan ya zubo daga can sama ya daki bakin daron, rabi ciki, rabi a kanta da bayanta. Na yi saurin rufewa, ta ce in bar shi a buɗe. Ta ajiye daron a ƙasa, ruwan ya faɗo da ƙarfi ya fantsale, ya tono laka ya watsa ciki. Sannan ta ja ni zuwa ƙofar. Talatu tana tahowa daga gona da itace a kafaɗa, Mama Ladi ta kira ta ta ce ta shiga. Itacen ya tokare gefen ƙofar, ta juya ta wannan ɓangare ya tokare ta wancan, ta ja da baya.

Mama Ladi ta juyo ta dube ni, ruwa yana ɗiga daga furfurarta, zaninta ya manne mata a jiki. Ba faɗa a muryarta. Ta ce, "Hajiya, mu ba mu ɗauka kaya a kai. Kai yana da aikin shi, shi ne yana tunani. Kafaɗa ne na kaya. Shekara huɗu kana wuce mu da mota, ba ka gani ba?"

Wallahi Babana, na gani. Kowa a Abuja ya san matan Gbagyi a kafaɗa suke ɗaukar kaya, har hotonsu ake rataye wa a ofisoshi, akwai ɗaya a bangon ofishina. Na gani da ido, amma da na zo yi musu alheri, matan unguwarmu na Kano na ƙera wa famfo. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba, tsohuwa sa'ar uwata tsaye a jiƙe a gabana don kawai in fahimta. Na cire mayafina na yafa mata. Ta shafa shi ta ce wannan ya yi tsada da goge ruwa, ta yi dariya, Talatu ma ta yi. Ni ban iya ba. Na ce, "To Mama, yaya za a yi?" Tambayar farko ke nan da na taɓa yi mata.

Ita ta tsaya a kan magini. Aka sauke famfon ƙasa, aka gina dakali a gefensa, tsayinsa daidai yadda mace za ta ɗora daro a kan dakalin, ta ɗan durƙusa ta zame shi zuwa kafaɗa ba tare da wani ya taimake ta ba. Ƙofofin kuwa ta ce a cire su gaba ɗaya, don hanyar da ke da makulli ba tasu ba ce. Muka rushe katangar baya muka matso da ita ciki, aka bar hanya a waje. Faɗinta ba da tef aka auna ba, Talatu ce ta ɗauko mafi girman kayan itacenta ta wuce, aka ƙara taku ɗaya. Na rasa wurin ajiye mota uku, injiniya ya yi ta ƙunƙuni. Aka haƙa rami na ruwan wanki aka cika da duwatsu da gawayi, aka dasa ayaba a bakinsa. Muka fasa simintin tsakar gida don ruwan sama ya riƙa shiga ƙasa, muka mai da janareto can gaba, daga baya da sola ta samu muka sa. Rijiyarsu ta ɗan farfaɗo, amma ba zan yi maka ƙarya ba, ba ta koma kamar da ba har yau.

Sauran abubuwan da kake gani duk daga wannan tambayar suka fito. Da, ma'aikatana duka daga gida na kwaso su, 'yan uwa da 'ya'yan ƙawaye, kamar ƙauyen ba mutane. Yanzu ka san Talatu ce ke riƙe da ɗakin girki, doya da ganye da ƙwai kuma daga bayan katanga suke zuwa. Masu zuwa coci suna riƙe mana wuri ran Juma'a, mu riƙe musu ran Lahadi. Baƙon da zai kwana uku muna gaya masa ba za a canja zanin gado kullum ba sai in ya nema, kuma ba a wanke mota da tiyo. Wasu sun ɗaure fuska, ɗaya har ya ce mini shi ba ƙauye ya zo ba, ya kwashe jakarsa ya tafi. Ka bar irinsu su tafi da sallama mai kyau. Waɗanda suke dawowa shekara da shekaru, ka lura, ɗakunan da ke kallon bishiyoyi suke nema.

Amma kada ka ɗauki gyarana ka kai Kuje ka dasa, don in ka yi haka ka maimaita kuskurena ne da sabon fenti. Wataƙila mutanen can ba famfo ne damuwarsu ba. Wataƙila hanyar nan makabarta take zuwa, ko shanu ne ke bin ta, ko yara zuwa makaranta. Ni ban sani ba, kai ma ba ka sani ba, zanenka ma bai sani ba. Abin da nake so ka yi ƙanƙane ne. Ka bar motar a gida, ku taka da Safiya da sassafe, ku zauna a gindin kaɗanyar ku ga wa ke wucewa, me ya ɗauko, yaya ya ɗauko shi. Ku gaishe su. Ka je wurin mai unguwa, wannan wajibi ne, amma kada ka tsaya nan, don shi ba ya ɗaukar itace. Safiya ta shiga wurin matan ta zauna, in an ba ta ruwa ta sha. Kuma in sun yi magana ka rufe wayoyin nan naka biyu. In sun ce a bar hanya, ka kira mai zanen ya lanƙwasa katangar. Zai ce maka ba ta yi kyau ba, ka ce masa Ummanka ta ce haka take so, ya zo ya same ni.

Saura abu ɗaya. Bayan an gama gyaran nan, wata rana Mama Ladi ta shigo da gwangwanayen madara uku, kowanne da ɗan tsiro. Ɗorawa ce ta rena daga kalwa. Muka dasa su tare a inda na sare na farkon, ita tana tona rami ni ina zuba ruwa. Da muka gama ta karkaɗe hannu ta ce, "Hajiya, wannan ba ni zai ci ba." Na ce haba Mama, za ki ci insha Allahu. Ta yi dariya kawai. Ɗorawa ba ta sauri, ni ban san haka ba sai da na zauna jiranta. Mama Ladi ta rasu da damina biyu kafin su fara 'ya'ya. Ka tuna ranar da ka kai ni gaisuwa ƙauyen, ka yi ta mamakin kukan da na yi wa tsohuwar da ba dangina ba. To ga dalilin. Guda ɗaya ta roƙe ni in bar mata, ina da uku, na hana ta, kuma duk abin da na gyara daga baya bai mai da mata wannan ba.

Bana sun yi 'ya'ya sosai. Talatu ta tsince, ta dafa kalwar ta yi daddawa, ta kawo mini a ƙwarya. Curi biyu na ƙulle muku a cikin jakar nan, a ƙasan wannan takarda, ƙamshin ma ya isa ya nuna muku inda suke. Safiya ta sa muku a miyar farko da za ta yi a sabon gida. Ka ci, sannan ka ɗauki waya ka kira maginan.

Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare fitarku da shigarku, Ya kawo muku baƙi na gari su zo lafiya su koma lafiya. Ya sa maƙwabtanka su ji daɗin zuwanka tun ranar farko, ba sai bayan shekara huɗu ba. Amin.

Ummanka.